Sau Bakwai Na Goge Muryar Baba Direba

Ni dai ban yi boko mai zurfi ba, amma in ana maganar ɓatar da sawu, ko ɓera sai ya zo ɗaukar darasi a wurina. Shekara goma sha huɗu ina masinja a ofishinmu. Na zuba wa mutane gishiri a shayi, na ɗaure wa akawu igiyar takalmi a ƙafar kujera, ba a taɓa kama ni ba. Ga kwaikwayon murya. In na yi ta Manaja a waya, har matarsa sai ta amsa.

Wannan baiwar ce ta kashe Baba Direba.

Tsoho ne mai ƙaunata, kullum "ɗan nan" yake ce mini duk da furfurata. Wata rana na zauna gaban tsohuwar kwamfutar ɗakin ajiya, na ari muryarsa na zagi Manaja tas, na naɗa. Na yanke ƙarshen inda na fashe da dariya, na sa abin ya zaga ofis. Na zaci za a dara a watse. Sai aka kore shi. Ya yi ta rantsuwa har da hawaye, ni kuwa na yi gum. Bayan wata biyu hawan jini ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Washegarin jana'iza Manaja ya ce za a kwashe duk abin da ke tsofaffin kwamfutoci a zuba a sababbi. Cikakkiyar muryar tana nan, da dariyata a wutsiyarta.

Na garzaya shagon abokina mai gyaran kwamfuta.

"Na danna gogewa, na zubar da kwandon sharar kwamfutar. Shi ke nan ko?"

"Kai dai jaki ne," in ji shi. "Suna kawai ka cire daga ƙofa, kaya suna ɗaki. Sai an rubuta wani abu a kansu, a maimaita sau bakwai. Sannan ka ciro faifan ajiyar da ke cikin kwamfutar ka huda shi." Ya miƙo mini filashi mai ɗauke da manhajar gogewar. "Me ka ɓoye haka, mugu?"

"Hoton kakarka tana rawa."

Da aka tashi aiki na maƙale a baya. Rana ta yi ja, magariba ta kawo kai, lokacin da uwata ke cewa kada a taɓa juji, masu shi sun fito. Na shiga ɗakin ajiya. Warin tsohuwar takarda da fitsarin ɓera. Na kunna kwamfutar, na soka filashin, ko bisimilla ban yi ba.

Zagaye na farko ya wuce lafiya. Ba abin da nake ji sai kukan fanka a cikin akwatin.

A na uku na ji ƙamshin man zafi. Irin wanda Baba ke shafa wa gwiwarsa.

A na biyar kujerar da ke bayana ta yi ƙara, kamar an zauna. Wuyana ya ƙi juyawa. Makullan mota suka yi kacau.

"Ɗan nan."

Na ƙura wa allon ido.

"Baba... ka yafe mini."

"Ba shi ba ne." Muryar ta sirance, ta matso dab da kunnena. "Shi ya huta. Ni ne mai jujin. Duk abin da kuka zubar nan nake tara shi, a kai 'ya'yana ke kwana."

Na shida.

"Kana rushe mini ɗaki. Ina zan kai kayana?"

Na kai hannu in tsayar. Yatsuna suka sandare.

Na bakwai.

Allon ya yi fari fat. Wani abu mai sanyi ya taɓa maƙogwarona, kamar an ɗora cokali.

"Na sami wuri."

Ban san yadda na fito titi ba, takalmi ɗaya ne a ƙafata. Amma tsoro bai cinye mini wayo ba. Washegari da rana tsaka na ciro faifan, na huda shi wuri uku, na bi shi da guduma. Mai gyara ya juya ɓaraguzan a tafinsa ya ce, "Wannan ko aljani ba zai dawo da shi ba." Na yi dariya, tari ya sarƙe ni. Tun daga ranar maƙogwarona ke ƙaiƙayi.

Ranar bakwai da rasuwar, ɗiyar Baba ta zo karɓar kayan da ya bari a ofis: hula, buta, da tabarau mai ɗaurin zare. Manaja ya tara kowa, har mai shara.

"Masinja, kai ne ɗan ɗakinsa. Ka ce wani abu."

Na miƙe, na shirya fuskar tausayi, na gyara murya.

Muryar Baba ce ta fito. Zagin nan, kalma bayan kalma. Na toshe baki da hannu biyu, ta riƙa tsiyaya ta tsakanin yatsuna. Ɗiyar ta saki hular ta faɗi.

Sai zagin ya ƙare. Sai abin da na yanke ya biyo: dariyata, ƙyal-ƙyal-ƙyal, da muryata tangaran.

"Wallahi gobe tsohon nan zai sha mamaki!"

Manaja ya zauna a hankali. Ɗiyar ta sunkuya ta ɗauki hular, ta kakkaɓe, ta dube ni.

"Baffa, kai fa ka riƙe gaban makararsa."

Na so in ce mata wasa ne. Na buɗe baki.

Muryar ta sake ɗaukowa daga farko.