Tafin Auta a Kan Teburin Taro

Ana gab da magariba Auta ta tuna ba ta ɗaure fitilar da ke saman teburin taro ba. Gobe da safe za ta miƙa ofishin ga masu shi, don haka ta saɓi jakar kayan aiki ta nufi ƙofa.

Yayanta, wanda kafinta ne, yana share garin katako a bakin shago. Ya ɗago ya ga sama ta yi ja.

"Auta, ki bari sai da safe."

"Da safe Manaja zai zo da mutanensa, Yaya. So kake ya tarar da waya tana lilo a kansa?"

"Ba ta wayar nake ba. Teburin nan nake ji."

Ita ke zana kaya, shi yake haɗawa. Tun rasuwar mahaifinsu suke riƙe da shagon tare, daga gadaje sai bencin makaranta, sai bana wani kamfani ya ba ta bene guda ta tsara masa. Ta zana tebura masu hawa da sauka don ma'aikaci ya zauna ko ya tsaya, da kantoci marasa ƙofa, da kujeru masu juyi. Duk Yaya ya yi su ba musu. Teburin taron kaɗai ya ƙi taɓawa. Falle guda ne na tsohon maɗaci, ta tsince shi a wurin masu gawayi ana shirin cinna masa wuta. Yaya ya ce ranar da ya dafa shi ya ji ɗumi kamar jikin mutum. Auta ta yi masa dariya, ta ce rana ce ta dake shi. Ita da kanta ta goge shi, ta shafa masa mai, ta sa masa ƙafafun ƙarfe.

"In yana da masu shi, su zo su same ni," ta ce, ta fice.

A ƙofar ginin ta tarar da maigadi yana alwala. Ya miƙa mata makulli da jiƙaƙƙen hannu.

"'Yata, kada ki daɗe. An ɗauke wuta, sai dai ki bi matakala."

"Yanzu zan sauko, Baba."

Benen shiru, sai ƙarar takalminta. Ƙamshin sabon fenti da na leda ya cika ko'ina. Ta wuce layin teburan tana shafa gefensu, zuciyarta fari ƙal. Ta tura ƙofar gilas ta ɗakin taro.

Nan ƙamshin ya sauya. Ɗanyen ganye take ji, da jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali tagogi duk a rufe suke.

Ta kunna fitilar wayar salularta, ta ajiye jaka. Ta dafa teburin da hannun dama za ta hau.

Da ɗumi.

A bayanta ledar wata kujera ta yi ƙara, irin ta wanda ya zauna. Sai wata. Sai wata kuma. Ta waiga. Babu kowa, amma kujerun duk sun juyo suna fuskantar ta.

Ta sunkuyar da kai. Teburin yana sheƙi kamar madubi, ya kamata ta ga silin da wayar fitila a cikinsa. Rassa ta gani, manya, cike da ganye. A kan rassan wasu abubuwa ne zaune, dogayen ƙafafunsu na reto, suna leƙo ta.

Ta ɗaga kai. Farin silin ne kawai.

Ta ja hannunta. Ya ƙi tasowa.

"Wa ya ba ki izinin fere mana gida?"

Muryar daga cikin katakon ta fito. Ta ji ta a tafinta kafin ta ji a kunne, ƙasa-ƙasa, kamar ana goga itace da itace.

Ta yi bisimilla a zuci.

"Ba ni na sare shi ba."

"Ke kika kankare mana ƙofofi. Ke kika sa mana ƙarfe."

"Ni na ɗauko shi daga bakin wuta. Ba don ni ba, da yanzu toka ne ku da gidan naku."

Kujerun suka matso gaba ɗaya. Tayoyinsu ba su yi ƙara ba.

"Hannun da ya yi aikin za mu karɓa. Sai mu bar ki."

Katakon ya yi laushi. Tafinta ya soma nutsewa, kamar cikin ɗumin ƙullu. Wasu siraran yatsu suka kama nata daga ciki.

Hannun da take zane da shi. Da shi take ci, da shi take riƙe da shagon ubanta. Wani abu ya taso mata wanda ya fi tsoro zafi.

"Ba zan bayar ba."

Yatsun suka ƙara matsewa.

"Na ce ba zan bayar ba!" Ta lalubi jaka da hagu, ta zaro kurfin sassaƙa, ta ɗora bakinsa a tsakiyar teburin. "Ku sake ni, ko in tsaga shi gida biyu. Ni na yi shi, na san inda jijiyarsa take."

Ganyen da ke cikin sheƙin suka tsaya cak.

Numfashi mai ɗumi ya sauka a ƙeyarta.

Ta danna kurfin. Katakon ya yi wani nishi mai tsawo, gilasan ɗakin suka amsa. Ta ɗaga murya da Ayatul Kursiyyu, tana karantawa tana dannawa. Daga nesa ladan ya ta da kiran salla.

Riƙon ya yi sako-sako.

Ta fizga da duk ƙarfinta. Wani abu ya yage.

Ta banke kujera, ta faɗa kan ƙofa. Gilashin ya tsage a bayanta. Ba ta waiga ba. Tayoyi na bin ta a kan tayil, yanzu kam da ƙara, har bakin matakala.

A can ta yi karo da mutum. Ta ɗaga kurfi.

"Ni ne! Auta, ni ne!"

Yaya ne, ya kasa zama ya biyo sawunta, maigadi na bayansa da tocila. Hasken ya sauka a hannunta. Babu fata a tafin, jini na ɗiga a kan matakala.

Kafin a gama naɗe mata hannu a asibiti Yaya ya yanke magana: a fito da teburin a ƙone.

"Ba za a ƙone ba," in ji ta. "Ban bar musu hannuna ba, ba zan bar wa wuta aikina ba."

Da safe ta koma da bandeji, Yaya ya ɗaure fitilar tana tsaye a kansa. Ta gaya wa Manaja komai, ba ta rage ba. Ya yi dariya, ya ce shatin tafin da ke gefen teburin ma ado ne, a bar masa kayansa. Ba a daɗe ba ya fitar da doka cewa a daina taro bayan la'asar, bai kuma faɗi dalili ba.

Hannun ya warke, amma layukan tafin ba su dawo ba. Wasu zobba ne suka fito a madadinsu, ɗaya cikin ɗaya, irin na kututturen da aka yanka. Ranar da aka cire bandejin Yaya ya daɗe yana kallon su.

"Auta, ko za ki huta da zanen nan?"

Ta buɗe yatsun, ta rufe. Suna motsi.

"Wata makaranta na son ɗakin karatu," ta ce. "Miƙo min fensir, Yaya."