Kiran da Rauta Ta Tare

Ƙarfe biyar saura na yammacin Talata aka kira ofishin 'yan sanda cewa an tsinci gawar wani dattijo a banɗakin gidansa. Sufeto ya isa tare da Saje, ya tarar da 'ya'yan mamacin biyu a falo suna zage-zage.

Babbar cikinsu shugabar makaranta ce, ita ta fara ganin gawar. Ƙanenta, da kowa ke kira Auta, direban kamfani ne. Su uku ke zaune a gidan tun rasuwar mahaifiyarsu.

Dattijon na kwance a gefen baho, da alama santsi ya kwashe shi. A wuyansa akwai wata 'yar na'ura mai jan maɓalli, babban yatsansa na kanta. Auta ya ce idan Baba ya danna, saƙo kan bi ta intanet ɗin gidan ya faɗa wayar Yaya, tunda shi kullum yana kan hanya.

"Ba abin da ya shigo min," in ji ta. "Ku tambayi wannan shashashan, shi ke taɓe-taɓen rautar intanet ɗin. Ni ko lambar sirrinta ban sani ba."

Auta ya zaburo mata, Saje ya mayar da shi kujera.

Sufeto ya sa aka ɗauko mai gyaran da ya haɗa musu intanet. Mutumin ya zo yana gunaguni an tashe shi daga aiki. Ya sauko da rautar daga saman firij, ya haɗa ta da kwamfutarsa. Ya ce rauta kamar mai gadin ƙofa take, duk saƙon da zai fita daga gidan ta hannunta zai bi, kuma a katangar tsaronta ake rubuta mata wanda za ta tare. Yanzu dai ba dokar da ta hana na'urar dattijon fita.

"Da safe fa?" in ji Sufeto.

Mai gyara ya buɗe tarihin rautar, ya daina gunaguni. Daga goma da minti sha biyu zuwa sha biyu da minti arba'in, na'urar ta nemi fita sau talatin da bakwai, duk an tare ta. An kafa dokar makonni uku da suka wuce, an goge ta yau ƙarfe huɗu da minti ashirin da biyar, daga wata waya mai suna Auta.

Sufeto ya ja Auta zuwa kicin. Da farko Auta ya rantse bai taɓa shiga rautar ba. Da aka nuna masa sunansa, ya yarda ya toshe wayoyin maƙwabta, ya kuma rage wa talabijin ɗin Yaya ƙarfin intanet don ya ƙuntata mata.

"Amma Baba? Ni in toshe Baba?"

"Ka yi min ƙarya sau ɗaya. Ina kake ƙarfe huɗu da rabi?"

Ya ce yana garejin kamfani yana mayar da makulli. Saje ya kira garejin, suka tabbatar sai biyar saura kwata ya fita.

Sufeto ya koma wurin mai gyara ya tambaya ko ana iya sauya wa waya suna. Mutumin ya ce ko yaro zai iya, amma wayar da ta kafa dokar lambar da aka ƙero ta da ita na nan a rubuce, ba ta sauya ba. Dokar ma ba ta kowane lokaci ba ce: takwas na safe zuwa huɗu na yamma, Litinin zuwa Juma'a.

Sufeto ya dawo falo.

"Malama, ƙarfe nawa kike tashi daga makaranta?"

"Meye haɗin aikina da wannan? Ka san da wa kake magana?"

"Ajiye wayarki a kan tebur."

Ta ƙi, sai da Saje ya miƙa hannu. Mai gyara ya karanto lambar ɗaya bayan ɗaya, ta yi daidai da ta wayarta.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce shekara huɗu tana jinyar Baba ita kaɗai. Sau goma yake dannawa a rana, ta baro taro da gudu, ta tarar shayi ne ya huce ko rimot ya faɗi ƙarƙashin gado. Hukumar makaranta ta ba ta takardar gargaɗi biyu. Lambar sirrin a jikin rautar ta gan ta, sunan wayar kuma ta sauya ne tun ranar farko, don in Baba ya yi ƙorafi laifin ya hau kan Auta.

"Hutun awa takwas kawai na nema," ta ce, ta juya ga ƙanenta. "Kai da ko ruwan wanka ba ka taɓa ɗora masa ba, kada ka kalle ni."

Sufeto ya shaida mata ana tuhumarta da sakacin da ya jawo mutuwa da kuma ɓoye shaida. Saje ya zare rautar ya sa a jakar shaida, ya nuna mata hanya.

A bakin ƙofa ta tsaya, ta waiwayo wajen Auta.

"Ka kira Kawu ya zo ya tsaya a kan jana'iza. Kai ba abin da ka iya."

Auta ya taso, ya rufe ƙofar tun kafin ta sauka daga matakala.