Kusoshi Shida a Murfin Kwalba

Ana dawowa daga sallar azahar aka tarar da mutum-mutumin lantarkin da Fatiha ta ƙera a buɗe a kan tebur, an zare wayoyin cikinsa kaf. Saura awa ɗaya a kira ta zagayen ƙarshe na gasar ƙere-ƙere ta makarantun Gombe. Yarinyar ko kuka ta kasa.

Malama Selina, shugabar alƙalan gasar, ta sa aka rufe zauren. Da ma akwai dokar da ke ci mata tuwo a ƙwarya: kada hannun babba ya taɓa aikin ɗalibi. To wa zai bi yara gida ya gani? Shi ya sa da safe ta sanar cewa za a buɗe cikin kowane mutum-mutumi a duba.

Ta fara da Jaji mai gadi.

"Wa ya shiga zauren lokacin sallah?"

"Malamai biyu ne, Malama. Mista Fredrick da Malam Uzairu."

Nan take ido ya koma kan Fredrick, malamin abokan karawar Fatiha.

"Ruwana kawai na ɗauko," in ji shi. "Ko minti ɗaya ban yi ba."

Jaji ya gyaɗa kai.

Selina ta sunkuya kan teburin. Ba a fasa komai ba. Ga kusoshi shida an tara su tsaf cikin murfin kwalbar lemo. Ta juya ga Uzairu, malamin Fatiha.

"Maƙiyi fizgewa yake yi ya gudu, ba ya adana kusoshi. Wannan ɗabi'ar na san ta tun kana gyaran rediyo a unguwar Kumbiya-Kumbiya."

Uzairu ya cire hula, ya share gumi.

"Ni na haɗa mata wayoyin tun farko. Da kika ce za a duba, sai na ga gara a ce an yi mata ɓarna da a ce ta yi maguɗi."

"Innalillahi! Malam!" in ji Fatiha. "Naka ai na cire tun ranar da aka karanta mana dokar. Kwana tara na yi ina sake haɗawa ni kaɗai."

Ta ware yatsunta, duk tabon ƙunar dalmar liƙa waya.

Uzairu ya zaro wayoyin daga aljihu, ya ƙura musu ido. Sai yanzu ya ga ba aikinsa ba ne.

"Da ka bari an duba," in ji Selina a hankali, "da ta wuce."