Ruwan da Ya Cika Tsabta

Da safiyar Talata injin awo ya ce babu dalma a kwalba ta uku. Matar da ke kula da ɗakin gwaji, wadda kowa ke kira Anti, ta sake ba shi ruwan, ya sake cewa babu. Ta bakwai ma haka, ta takwas ma haka. Abin ya ɗaure mata kai, domin ranar Alhamis ita da hannunta ta auna kwalaben nan uku, kuma dalmar da ta gani a ciki ta isa ta lalata ƙwaƙwalwar yaro.

Kwalaben na Ƙarama ne, ɗaya daga cikin 'yan sakandare shida da jami'a ta ɗauka su koyi bincike a dogon hutu. Ita ce mafi ƙanƙanta a cikinsu, ita ce kuma mafi natsuwa wajen aiki. An ba ta binciken ruwan rijiya. Ta ɗebo daga wuri goma sha biyu, ta manna wa kowace kwalba lamba kawai, ta rubuta inda kowace lamba ta fito a wani ɗan littafi mai koren bango. Ga ta nan tsaye jikin firij, ido jajir, tana cewa littafin ma ta neme shi ta rasa.

Dakta, malamin da ke jagorantar yaran, ya duba takardun biyu ya ajiye.

"Ko dai an yi kuskure ranar Alhamis, ko an taɓa kwalaben," in ji shi. "Ba zan sa hannu a sakamakon da ke ƙaryata kansa ba. Juma'a ake rufe rahoto. In ba a gano ba, a soke lambobin uku."

"Dakta, yanzu haka akwai masu shan ruwan nan."

"To a ina? Nuna min rijiyar, yau ɗin nan zan rubuta wa hukumar lafiya."

Anti ta juya ta dubi yarinyar.

"Ban riƙe ba, Anti. A hautsine na sa lambobin, yadda aka koya mana. Sai da littafin."

Shekara ashirin da biyu Anti ta yi tana wanke kwalaben wasu, kuma hawaye bai taɓa hana ta aiki ba. Ta sallami yaran, ta ja ƙofa. Ta sa injin ya nemi wasu abubuwa ban da dalma. Ruwan rijiya ba ya rasa ƙarfe da farar ƙasa, ruwan famfo ma yana da nasa. Waɗannan uku ba su da komai, fes suke kamar ba su taɓa ganin ƙasa ba. Wuri ɗaya ake samun irin wannan ruwa a ginin, wato tulun tataccen ruwa da ke bayan ƙofa. Sai ta tsoma takardar gwaji a kowace kwalba, duk ta fito ja. Wanda ya yi aikin har asid ya ɗiga, irin wanda ake sa wa ruwa don kada ƙarfen ciki ya manne a jikin kwalba. Ɓarawo ne mai bin ƙa'ida, kuma wannan ne ya fi ɓata mata rai.

Ta fara da Baba mai shara, don shi ma yana da makulli. Ta same shi a baranda yana matse tsumma.

"Baba, jiya ka buɗe firij?"

"Ni? 'Yar nan, tun ranar da na ɗauka ruwan sanyi ne kika yi min ihu ban sake kallon akwatin nan ba."

"Tulun bayan ƙofa fa?"

"Wanda kika ce ɗigonsa ya fi man motata tsada, ni da ko keke ba ni da shi? Jiya dai bayan an dawo cin abincin rana na tarar da ƙasa jiƙe a wurin, na goge."

Ta nuna masa jerin ƙananan kwalabe a kanta, ta ce ya miƙo mata asid. Ya miƙo mata sabulun ruwa. Ta yi masa godiya ta tafi.

Na biyu Dogo ne, yaron da bai taɓa zuwa na biyu a ajinsu ba, kuma bai iya ɓoye haushi ba. Ranar Alhamis, da aka rubuta sakamakon Ƙarama a allo Dakta ya yaba mata, kowa ya ji Dogo yana cewa sa'a ce kawai. Aikinsa a ɗakin da ke gefe yake, yana gwada man girki.

"Ina ka ci abincin rana jiya?"

"A kantin ƙasa, Anti, mu biyar."

"Ku shida ne."

"Ƙarama ta ce kanta na ciwo."

"Ka ji haushin yabon da aka yi mata."

"Na ji, ba zan yi ƙarya ba. Amma wallahi da ni ne, zubar da su zan yi gaba ɗaya. Ni ko asid ɗin ba a ba ni ba, masu aikin ruwa kaɗai kika ba." Ya sosa ƙeya. "Kuma ni fa nake ɗaukar mata jarka har tasha kullum. Mugu yana yin haka?"

"Wace jarka?"

"Wadda take cikawa a famfon waje in an tashi. Ta ce famfonsu ya lalace."

"Tun yaushe?"

Ya ɗaga kai yana lissafi. "Alhamis."

Anti ta sauka kantin, mai sayar da abinci ta tabbatar mata yara biyar ta gani, kuma dogon nan ne ya fi kowa surutu har aka tashi. Ta hawo matakala a hankali. Ta so a ce Dogo ne. Da shi ne, faɗa za ta yi masa ta kira ubansa, magana ta ƙare.

Ta tarar da Ƙarama ita kaɗai tana jera kwalabe a kan tebur, tana daidaita su ba dalili. Anti ta jawo kujera ta zauna kusa da ita.

"Bari in gaya miki abin da na gano, in na yi kuskure ki gyara min. Wanda ya yi wannan aiki ya zubar da ruwan rijiya, ya zuba tatacce, ya ɗiga asid. Ga famfo a gabansa bai taɓa ba, saboda wata guda ina hana ku ɗauraye kwalba da ruwan famfo, har hannu ya saba. Ya manta cewa babu rijiyar da ruwanta ke da tsabta haka. Baba bai san asid ba. Dogo ba shi da shi, kuma yana ƙasa yana cika mutane da surutu."

Yarinyar ta ci gaba da daidaita kwalabe.

"Sai littafin. Mai son ɓata miki aiki kwalabe sun ishe shi. Me zai yi da littafi? Littafin ba ya faɗin komai sai wuri. Wanda ya ɗauke shi, wurin yake ɓoyewa. Sannan ke. Na ga ɗalibai da yawa da aikinsu ya lalace. Kafin hawaye ya bushe suke cewa a ba su kwalabe su koma su ɗebo. Wuri goma sha biyu ne kacal, kwana biyu ya isa ki zaga su. Tun safe nake jira, ba ki ce ba."

"Anti..."

"Famfonku bai lalace ba. Ba ku da famfo, ko?"

Ƙarama ta ƙanƙame kwalbar da ke hannunta. Anti ta karɓe ta ta ajiye.

"Duk ukun daga layinmu ne," in ji yarinyar, muryarta can ƙasa. "Ta uku ta tsakar gidanmu ce. Ta bakwai ta maƙwabta, ta takwas ta bakin layi da kowa ke ɗiba."

"Me ake yi kusa da su?"

"Babana. Tsofaffin batiran mota yake saya, ya fasa, ya narka dalmar ya sayar. A bayan gida. Ruwan batirin a rami yake zubarwa." Sai kukan ya ƙwace mata. "Da shi ya sa ni a makaranta, Anti. Bai iya wata sana'a ba. In hukuma ta zo za su rufe wurin, ƙila su tafi da shi. Mutanen layi kuma in suka ji shi ne ... Na ce gara a ce ni ce ban iya aiki ba. Na yi ta ɗaukar wa ƙannena ruwa daga nan."

"Jarka ɗaya."

"E."

"Gida nawa ke shan ta bakin layi?"

Ƙarama ta kau da kai.

"Na tambaye ki."

"Sun kai ashirin."

"Akwai masu goyo?"

Ta gyaɗa kai, ta rufe fuska da hannu biyu. Anti ta ji tausayinta har cikin ƙashi, ta kuma ji haushinta daidai da haka. Kwana biyar ke nan yarinyar nan ta san abin da ke cikin ruwan, tana wucewa ta gaban mata suna ɗiba tana gaishe su. Ita ma Anti ba ta wanke kanta ba: ta ga dalma ranar Alhamis, ta bari sai an sake gwaji, ba ta ce a buɗe littafin nan take ba.

"Ina littafin?"

Yarinyar ta ɗaga ƙasan jakarta inda ɗinki ya farke, ta zaro shi. Ko shafi ɗaya ba ta yage ba.

"Zan kai wa Dakta yanzu," in ji Anti. "Ba zan ɓoye masa abin da kika yi ba, kuma ban san me zai yanke a kanki ba. Zan dai gaya masa ke kika miƙo littafin. Wasiƙar hukuma yau za ta tafi. Amma rijiyoyin nan ba za su jira wasiƙa ba. Kira babanki, ya rufe su kafin mata su fito ɗiban la'asar."

Ta miƙa mata wayarta. Ƙarama ta karɓa, ta danna lambobin, ta tsaya da yatsa a kan ta ƙarshe.

"Shi ya ɗebo min ruwan, Anti. Da gugansa. Ya zaga gida-gida yana cewa a ba 'yarsa ruwa, jami'a za ta kai ta auna. Kullum in na dawo sai ya tambaye ni ko sakamako ya fito."

Anti ta dafa kafaɗarta. Yarinyar ta danna lambar ƙarshe.

Wayar ta yi ƙara sau uku. Da aka ɗauka, ƙarar guduma ce ta fara shigowa, sannan ta tsaya. Ƙarama ta yi sallama. Muryar mutumin ta fito da fara'a, har Anti tana ji daga inda take zaune.

"A'a, likitar ruwa ce da kanta? Yaya, ruwan namu ya ci jarrabawa?"

Ƙarama ta share fuska da bayan hannu.

"Baba," ta ce, "ajiye gudumar tukuna. Ka samu wuri ka zauna."