Tantani na Uku

Gab da magariba Malam Zaharadden ya nufi lungun mahauta na unguwar Hindawiyya, riƙe da ledar nama, yana huci. Shekara talatin ya yi yana koyar da kimiyya, ba mahaucin da zai cuce shi.

Da safe ya sayi zuciyar bijimi don ya kashe gardamar maƙwabcinsa Abdulghani, wanda ya rantse zuciya ba ta da ƙofa. Ya so ya nuna masa yadda likitocin farko suka gano: a zuba ruwa a babbar jijiya, tantani uku su rufe, ruwan ya tsaya. Ya zuba, ruwa ya zurare. Abdulghani ya yi dariya har da tari.

Malam ya leƙa cikin jijiyar, ya tarar da tantani biyu. An yanke na ukun tsaf, kuma ba yankan wuƙar fawa ba ne.

Shago ɗaya ne a buɗe. Ba ƙuda ko ɗaya. Warin ma ba na nama ba, na tsohuwar rijiya. Mutumin da ke ciki ya juya baya.

"Ya Ustaz," ya ce a hankali. "Me ya rage?"

Wa ya gaya masa?

"Tantani ɗaya. Uku ne tun zamanin likitocin Iskandariyya. A cika mini abuna!"

"Uku ne. Ni na riƙe musu butar ruwan." Ya miƙo hannu ta baya. "Da zuciyar dabba suka fara. Ba ta ishe su ba."

Hannun ya wuce ledar.

Sanyi ya ratsa ƙirjin Malam, kamar an ja zare.

"Halas, shi ke nan. An cika."

Ladan ya ɗaga murya. Malam ya fita da rarrafe, ƙirjinsa na wani irin shuu.

A gida ya sake zuba ruwa a zuciyar bijimin. Ruwan ya tsaya cak.

A asibiti, likita ya daɗe yana kallon hoton ƙirjinsa. "Haka aka haife ka da tantani biyu, ya Ammi?" ya tambaya, yana kiransa baffa da Larabci.

"Da uku na fita daga gida."

Yanzu hawan bene ɗaya sai ya huta sau uku. Ya kai ƙara wajen hukuma, aka ce ya kawo lambar shago, alhali yanzu ba shago a wurin, sai bango. Kullum da la'asar yakan dasa kujera a gaban bangon, ya buga sanda.

"Tantanina nake so a mayar mini!"

Amma rana na yin ja, sai ya naɗe kujerarsa, ya bar lungun kafin magariba.