Man Ja a Keken Mma

"Ni dai tambaya na yi, Gwaggo! Zaren sama na gan shi, to na ƙasa daga ina yake fitowa?"

Mari ne amsar da Mamunatu ta samu, har tulun da ke kanta ya tuntsure a tsakar gida. Allah sarki marainiya! Tun da mahaifiyarta, tela ce a Zangon Kumasi, ta rasu, Gwaggo Sala ta kwashe keken ɗinkin ta kulle a ɗakinta, wai 'yarta Humu ce za ta zama tela ko ana ha maza ha mata. Humu kuwa in ta ga allura har zazzaɓi take yi, amma ba ta tiren soyayyiyar ayaba ka ga ikon Allah, kafin ta kai bakin masallaci ta sayar. Ita Mamunatu sai ɗiban ruwa da wanke tukwane, in ta sami sarari ta leƙa ta taga tana kallon ƙafar keken na hawa da sauka, tana tambayar ranta me ke ɓoye cikin baƙin ƙarfen nan da yake haɗa zare biyu su zama ɗinki.

Ana nan keken ya fara kuka, sannan wata safiya ya ƙi juyawa sam. Gwaggo Sala ta ɗora hannu a ka ta tara gida. "Ku zo ku ga mugunta! Mayyar tambayan nan ta kashe keke!" Ta finciko hannun yarinyar, ga shi ja wur da man tukwane, ga man ja na tsiyaya daga cikin keken. Wa zai saurari rantsuwar marainiya? Aka bi ta da tsintsiya, aka hana ta abinci, Gwaggo ta ɗaure mata tsummokaranta ta ce gobe motar gonar koko za ta tafi da ita aikatau, ta bar Zango har abada. Mamunatu ta durƙusa tana kuka... "Ya Allah, Kai ne shaidata! Keken Mma ne, ƙanshinta na jikinsa, yaya zan cuce shi?"

Kafin motar ta iso sai ga Mma Safiatu, telar da ta koyi ɗinki tare da marigayiyar, ta shigo da mai gidan, Baba Dramani. Ta shinshina keken ta girgiza kai. "Man miya a keke? Wa ya yi wannan?"

Humu ta fashe da kuka tana nuna uwarta. "Mma ce! Ta ce yana kuka don ya bushe, kullum tana ba shi cokali ɗaya. Ni ba na son ɗinki koraa, ko kaɗan, a bar ni da tallana!"

Mamunatu kuwa, hawaye bai bushe ba, ta matso. "Mma Safiatu, in kin buɗe zan iya gani?" Aka zame wani ɗan murfi, sai ga ƙaramin kwarkwaro kwance da zarensa, man ja ya kama shi da ƙura ya daskare. Yarinyar ta riƙe numfashi. "Ashe nan yake! To yaya na sama yake kamo shi? Me ya sa ba sa harɗewa?"

"Haka uwarki ta ishe mu da tambaya," in ji Mma Safiatu. "Baba, wannan ce telar. Waccan 'yar kasuwa ce, kowa da inda hannunsa ya faɗa."

Baba Dramani ya buga sandarsa. "Sala, dukiyar marainiya kika ci, kika kuma yi mata ƙazafi. Keke ya koma ga mai shi, ke kuma ki nemi ɗaki a wani gida!" Ta fita ana nuna ta da baki, kuma har ta tsufa yaran Zango ba su daina kiranta Mai-Ciyar-da-Keke ba.

Da kananzir Mamunatu ta wanke keken a shagon Mma Safiatu, ƙusa bayan ƙusa, tana tambayar sunan kowace. Humu ta kawo mata ayaba mai zafi ta tsaya kallo. Da Mamunatu ta ɗora ƙafa ta taka, keken ya ɗauka da sautin nan da ta saba yin barci a kansa tana goye a bayan uwarta. Ta kifa goshi a kan ƙarfen tana dariya tana kuka.

"Mma," ta ce a hankali, "na gano inda zaren ƙasa yake."