Sunan da Hamdiya Ta Ara

Ranar da dutsen farko ya faɗo gidan Ilya, matarsa Mardiya tana kicin tana yanka albasa. Watan Nuwamba ne na shekarar 2018, lokacin da rana ke faɗuwa a Lyon tun ƙarfe biyar na yamma. Sama ta yi jawur a bayan dogayen benayen unguwarsu, Minguettes, sa'annan ta dushe. Ilya bai dawo daga wurin aiki ba. Ɗiyarsu ɗaya tilo, Hamdiya, mai shekara goma sha bakwai, tana ɗakinta tana ta ƙyalƙyata dariya ita kaɗai a gaban ordinata, wato kwamfuta, kamar yadda ta saba.

Sai wani abu ya daki murfin tukunya, miya ta fallatsu har bango. Mardiya ta duƙa ta ɗauko shi. Dutse ne ja, kamar dunƙulen hannu, da zafi rau kamar wanda ya wuni cikin rana. Ta dubi taga, a rufe take. Kuma su a hawa na goma sha ɗaya suke.

Tana tsaye da dutsen a hannu ta lura dariyar ɗiyarta ta yanke.

Abin da ya jawo wannan, sai daga baya Mardiya ta san shi. Shekara shida ke nan Hamdiya tana bin wani fim mai dogon zango na ban tsoro da ake nunawa a tele, labarin wani gari na bakin teku inda wani dodo mai ɗinkakken baki ke fitowa daga hazo yana ɗauke mutane. Tana cikin wani zaure na intanet inda masoyan fim ɗin ke wuni suna gardama. A wannan shekara masu fim suka yi abin da ba wanda ya zata: suka haɗa kashi guda da wani katun na yara, na wasu ɓeraye uku. Dodon da ya shekara shida yana tsorata manya, sai ga shi an zana shi da ƙaton tumbi, ɓeraye na zuba masa barkono a wando yana tsalle yana kuka.

Zauren ya dare gida biyu. Wasu suka ce an ci mutuncin dodonsu, an kashe fim. Har wani ya farfasa faya-fayensa da guduma ya ɗauki hoton ya watsa. Wasu suka ce ba a taɓa yin kashi mai daɗinsa ba. Hamdiya tana cikin na biyun, kuma don ta ƙara ƙular da masu fushi, sai ta yanko minti uku daga katun ɗin, ta cire sautin, ta ɗora muryarta da Hausa, ta rubuta fassarar Faransanci a ƙasa. Dodon yana buƙatar sunan Hausa. Sai ta tuna labarin da Kaka, mahaifiyar Mardiya, ta taɓa ba ta lokacin da suka je hutu Damagaram: cewa a cikin duwatsun bayan gidansu na unguwar Birni akwai wani aljani, Kurugu, wanda ba a ambatonsa in rana ta yi gora da yamma. Kaka har ta kwaikwayi muryarsa sau ɗaya, ta yi istigfari. Sunan da muryar duka Hamdiya ta ara. Cikin sati biyu mutum dubu arba'in suka kalla, Turawan da ba su san ko sannu ba suna ta rubuta sunan suna dariya. Sau uku Hamdiya ta ce wa uwarta, "Maman, viens voir, zo ki gani." Sau uku Mardiya ta ce sai an jima.

Washegarin faɗowar dutsen farko, da magariba, duwatsu bakwai suka faɗo, ɗaya ya tarwatsa gilashin tele. Ilya, wanda aikinsa binciken ruwan sha ne, ya auna su, ya duba rufi, ya duba bututun iska, bai ga ta inda suka shigo ba. Hamdiya ta ƙi cin abinci. Ta zauna a ƙasa ta jingina da bango, tana kallon wuri guda.

A rana ta uku, ana gab da kiran salla a wayar Ilya, suka ji murya daga ɗakin wanka. Murya ce mai kauri, a hankali, kamar ana jan turmi a kan siminti. Tana cewa, "Wayyo wandona. Wayyo ɓeraye, ku yi mini rai." Kalmomin wasa ne, amma ba wasa a cikin muryar.

Ilya ya tura ƙofar. Hamdiya ce tsaye gaban madubi, bakinta a buɗe, leɓunanta ba sa motsi.

"Hamdiya, ɗiyata, mi ya same ki?"

Ta juyo. Ta kama hannunsa na dama da hannu ɗaya, ta murɗe. Mardiya ta ji ƙarar ƙashin daga inda take tsaye. Yarinyar da ko buhun shinkafa ba ta iya ɗagawa ta cira ubanta sama ta maka shi da bango, ta bi shi da duka har sai da jini ya rufe masa ido. Da Mardiya ta rungumo ta ta baya, sai ta yi baya da kai ta fasa mata goshi. Daga nan ta shiga buga nata kan da bakin baho, sau ɗaya, sau biyu, sau uku, ta zube.

Maƙwabta suka kira motar asibiti, 'yan sanda suka biyo. Likitoci suka yi wa Hamdiya hoton kai da gwajin jini, ba su ga komai ba sai raunuka, suka ba ta maganin barci suka sallame ta. Amma raunukan sun ishi 'yan sanda. Ga uwa da fasasshen goshi, ga ɗiya da kumburarren kai, ga namiji ɗaya a gidan. Awa huɗu suka riƙe Ilya da hannunsa a ɗaure cikin filasta suna juya masa tambaya guda. Ya ƙi faɗin wadda ta karya shi. Aka ce ranar Litinin wata ma'aikaciyar kula da yara za ta zo, kuma in ba ta gamsu ba, za a ɗauke yarinyar daga gidan.

Mardiya ta kira Kaka a Damagaram. Ko gaisuwa ba su gama ba, muryar ta taso daga ɗakin Hamdiya, ta faɗi sunan nan, Kurugu, da kanta. Kaka ta yi salati.

"Mardiya, wa ya kira shi? Wa ya kai sunan nan ƙasar Turawa? Ku nemi malami, tun bai kashe ta ba."

Ilya ya san wani Malam Muntaka, mutumin Tahoua, mai karantar da yara a wani gidan ma'aikata da ke Montreuil, kusa da Paris, amma wayarsa ba ta shiga. Da safiyar Asabar Mardiya ta bar Hamdiya cikin nauyin magani, ta hau jirgin ƙasa zuwa Paris, ta shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na tara. Ta same shi a wani ɗan ɗaki na ƙasa, dattijo siriri mai rigar sanyi a kan jallabiya. Ya amsa gaisuwarta har ƙarshe, bai katse ta ba. Ta ajiye dutsen a gabansa, ta nuna masa bidiyon dodon da ta samo a wayar Hamdiya. Ita ma ranar ta fara ganin bidiyon. Ya kalla har ya ƙare bai yi murmushi ba.

"Hajiya, yarinyar ta yi laifi, ko da ba ta sani ba," in ji shi. "Amma shi ya wuce gona da iri. Tashi mu tahi."

Sun iso Minguettes bayan la'asar. Malam ya yi alwala, ya sa aka kwantar da Hamdiya a tsakiyar falo aka lulluɓe ta, ya ce Mardiya ta danne ƙafafunta, Ilya ya zauna ta wajen kai. Ya ajiye kwanon ruwa, ya fara karatu da murya ƙasa ƙasa. Haske yana janyewa daga taga a hankali. Ba a jin komai sai karatun da gunjin lif can nesa.

Sai duwatsu suka sauko. Suka farfasa fitila, suka huda ƙofar kabad, ɗaya ya sami Malam a kunne, jini ya gangaro kan rigarsa. Bai ɗaga murya ba, bai tsaya ba. Jikin Hamdiya ya banƙare har bayanta ya bar ƙasa, ta shuri uwarta a ƙirji. Mardiya ta sake rarrafowa ta kwanta a kan ƙafafun.

"Ya isa," in ji muryar. "Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Ka sani. Duniya duka ta sani yanzu. Shekara ɗari uku ina cikin duwatsuna. Kakanninta in za su wuce sai sun yi sallama. Ban taɓa taɓa ko akuyarsu ba. Ita ta sa mini wando, ta sa ɓeraye suna korata. Ko'ina na juya ana kiran sunana ana dariya. Kowane kira ina jin sa."

"An zalunce ka," Malam ya ce. "Na shaida. Mi kake so?"

"Jini. Baƙin bunsuru, a yanka da sunana."

"Ba a yanka don kowa sai Allah. Faɗi wani."

"To muryarta. Ta ɗauki tawa, ta ba ni tata."

Haƙoran Hamdiya suka datse a kan harshenta. Jini ya cika bakin ya malalo ta gefe. Ilya ya cusa yatsun hannunsa mai lafiya tsakanin haƙoran, suka nutse cikin namansa, bai janye ba. Malam ya watsa mata ruwan, ya ɗora karatu da ƙarfi a karo na farko, har muryar ta koma kururuwa, haƙoran suka saki.

"Saurara," in ji Malam, yana haki. "Ita ta yi maka ba'a, ba ta san kana nan ba. Kai ka karya mutumin da bai yi maka komai ba, kana sane. In aka kai mu gaban Wanda Ya halicce mu duka, wa ya fi nauyin kaya? Za a goge abin nan yanzu, kana gani. Gidan nan ba za a ƙara ambatonka ba. Iyakar abin da za ka samu ke nan."

"Wasu sun kwafa. Za su ci gaba da kira."

"Waɗancan zane suke kira, ba su san ka ba. Wadda ta ari sunanka guda ce, ga ta kwance cikin jini. Ka fita, ko in ci gaba har a yi isha."

Mardiya ta jawo ordinata, ta sami shafin a buɗe, ta goge bidiyon, ta juya fuskar na'urar wajen ɗiyarta.

"Ku ce wa tsohuwa ta daina kwaikwayona," in ji muryar, can ƙasa. "Na tahi."

Hamdiya ta yi atishawa sau uku. Ƙafarta ta hagu ta girgiza, ta saki. Malam ya taɓa dutsen da ke kusa da shi, ya ce ya yi sanyi.

Ɗinki biyar aka yi mata a harshe. Ba ta tuna komai ba tun daga yammacin da dariyarta ta yanke. Da safiyar Litinin ta ga ubanta yana fama da maɓallin riga, hannu ɗaya a filasta, ɗaya a bandeji. Ta jawo takarda ta rubuta wa uwarta: "Wa ya yi wa Baba haka?"

Mardiya ta so ta ce faɗuwa ya yi. Ta dubi Ilya, ya girgiza mata kai, yana roƙonta da ido ta yi shiru. Amma ma'aikaciyar tana hanya.

"Hannunki ne, ɗiyata," ta ce. "Ba ke ba ce, amma hannunki ne."

Hamdiya ta daɗe tana kallon tafukanta. Da matar ta zo ta nemi ganinta ita kaɗai, sai Hamdiya ta rubuta mata da Faransanci, da manyan baƙaƙe, cewa ita ta yi, ubanta bai taɓa dukanta ba tun da aka haife ta. Matar ta karanta sau biyu, ta rubuta sunan wani likita da Hamdiya za ta riƙa gani, ta tafi ba tare da ita ba.

Da lokacin azahar ya yi, Ilya ya shiga ɗakin wanka don alwala, ya tsaya yana kallon buta, ya rasa hannun da zai ɗauke ta da shi. Hamdiya ta shigo ta ɗauka. Ta durƙusa ta wanke masa ƙafa, ta dama sa'annan ta hagu, hawayenta na zuba cikin ruwan.

"Ya isa haka," Ilya ya ce. "Tashi ki yi taki, ina jiran ki mu yi salla tare."